ZANCEN ZAURE: Tsohuwar Waƙa a Sabon Baki

 Zancenmu na wannan wata a kan kiɗa ne da waƙa. Abin da ya jawo shi kuwa, ƙara ce da wani maƙwabcina ya kawo mini.

Ran wata Asabar da la'asar ina zaune a ƙofar gida, a nan wajen Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, sai ga shi ya zo fuska a murtuke. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, don Allah ka zo ka yi wa ɗanka faɗa. Tun da na sayar da mota, shi da abokansa uku sun mai da garejin gidan kiɗa. Sun samo jita biyu da ganguna da wata tsohuwar lasifika, kullum da maraice sai kururuwa. Na yi magana har na gaji. Watakila kai ya ji taka."

Na ɗauki sandata muka tafi. Tun daga bakin titi na gaskata shi, gama ko kwanon rufin garejin rawa ya ke yi. Da yaran suka gan ni suka tsaya, suka tsuguna suka gaishe ni. Na ce su ci gaba, ina so in ji da kunnena kafin in yanke hukunci. Suka dubi juna, suka sake ɗauka daga farko.

Gaskiya kiɗan nasu bai nuna ba tukuna. Mai ganga yana gaba, mai jita yana binsa a guje. Amma ba su yi nisa ba sai ga tsohuwar gidan, mahaifiyar maƙwabcin nawa, ta fito tana dafa bango. Shekarunta sun haura 80. Ta tsaya bakin ƙofa ta karkata kai, sa'an nan ta ɗaga hannu ta ce wa jikan nata, "Kai, maigida, ina ka samo wagga waƙa?"

Ya ce, "A waya na same ta, Kaka. Wani ne ya turo mini, wai daga wani tsohon kaset aka kwafo. Ba a san mai ita ba."

Ta ce, "Ba a san mai ita ba? Ai waƙar daɓe ce. Da ita aka daɓe ɗakin da aka kai ni aure a ƙauyenmu, can wajen Mani. Amma kun karya mata wuya. Ba haka a ke faɗinta ba."

Aka kawo mata kujera ta zauna, ta rera musu da muryar tsufa, tana buga hannu a cinya daidai inda madaɓi ya ke sauka. Ashe baiti biyu kaɗai yaran suka samu, ita kuwa tana riƙe da takwas. Ɗanta, wanda ya kira ni in yi faɗa, ya tsaya baki buɗe. Shekara 50 da ɗoriya yana tare da uwarsa, bai taɓa jin ta rera wannan waƙa ba. Ni kuwa faɗan da na zo da shi na sa shi aljihu, na koma gida.

Tun daga ranar na ke juya al'amarin a raina, na ga ya kamata mu tattauna shi, domin na san akwai gidaje da yawa cikinku da ke da yaro mai ɗokin jita ko fiyano, da kuma tsoho ko tsohuwa a zaune a ɗaki.

Yadda aka yi a Amurka

Abin da yaran nan su ke yi yana da suna a ƙasar Amurka, sunan ma daga gareji ya fito. A cikin shekarun 1960, musamman bayan da mawaƙan nan na Ingila da a ke kira Beatles suka ziyarci Amurka a 1964, samari 'yan makaranta masu ɗimbin yawa suka sayi jita mai aiki da lantarki, da ganguna. Ba su da wurin koyo sai garejin iyayensu. Daga baya aka laƙaba wa irin kiɗan nasu suna kiɗan gareji. Kiɗa ne mai ƙara da kaushi, gwaninta kaɗan, zafin ƙuruciya da yawa. A 1972 wani mai suna Lenny Kaye ya tattara waƙoƙi 27 na wancan zamani cikin faifai mai suna Nuggets, wanda ya sa mutane suka sake waiwayar su.

Da yawa daga cikin samarin nan ba su iya tsara waƙar kansu ba tukuna. Waƙar da kowa ke ji a rediyo kuwa, in ka yi ta za a gwada ka da mai ita, ka sha kunya. Saboda haka sukan shiga kantunan faifai, su tone tulin waɗanda suka yi kwantai a ke sayarwa da araha. Waɗanda suka san garmaho za su tuna ƙaramin faifai fuska biyu gare shi. Waƙar da kamfani ke fatan ta sayu tana gaba, ta bayan kuwa ciko ce kawai. A irin wannan ciko ne samarin suka riƙa tsintar abin da ba wanda ya kula da shi.

Ga misali ɗaya da ya fi kowane shahara. Wani mawaƙi baƙar fata na birnin Los Angeles, Richard Berry, ya tsara waƙa mai suna "Louie Louie", aka fitar da ita a 1957 a bayan faifai. Labarin wani matuƙin jirgin ruwa ne mai begen komawa wurin budurwarsa. Ta ɗan sayu a yankinsu, sa'an nan aka manta da ita. Berry yana neman kuɗin aure, sai ya sayar da hakkinsa na wannan waƙa, haɗe da waɗansu, a kan dala 750.

Waƙar ta bi hannu zuwa hannu tsakanin ƙungiyoyin samari na arewa maso yammacin ƙasar, har ta kai ga waɗansu yara na birnin Portland masu suna Kingsmen. A watan Afrilu na 1963 suka shiga wani ƙaramin ɗakin ɗaukar murya, suka biya kimanin dala 50. An rataye makirfo can sama, mai waƙar yana da ƙarfen gyaran haƙori a baki, dole ya ɗaga kai yana ihu don a ji shi. Har kuskure ya yi a tsakiya, ya shigo kafin lokacinsa, aka bar shi haka. Duk da wannan, faifan ya hau har mataki na biyu cikin jerin waƙoƙin da suka fi sayuwa a Amurka, yau kuwa tana cikin waƙoƙin da aka fi sake rerawa a duniya.

Tun da ya ke ba a jin kalmomin sosai, sai jita-jita ta bazu cewa batsa ce a ciki. Iyaye suka rubuta takardun ƙara, gwamnan jihar Indiyana ya nemi gidajen rediyo su daina sa ta a 1964, har hukumar bincike ta FBI ta shafe fiye da shekara guda tana sauraron faifan, a hankali da sauri. A ƙarshe suka ce ba su iya gane abin da a ke faɗi ba. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Wannan ɗabi'a ta tonon tsofaffin waƙoƙi ba ta tsaya a shekarun 1960 ba. A 1994 aka kafa wata ƙungiya a birnin Detroit mai suna Detroit Cobras, wadda kusan dukan abin da ta ɗauka a faifai tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen Amurka ne na shekarun 1950 da 1960 da suka ɓace daga rediyo. Mutane da yawa ta bakinsu suka fara jin waƙoƙin, sa'an nan suka koma neman na asali.

Waƙa ta rayu, mai ita fa?

To, ina Richard Berry duk wannan lokaci? Waƙarsa tana ta tara wa waɗansu dukiya, shi kuwa a tsakiyar shekarun 1980 yana zaune gidan mahaifiyarsa, yana karɓar taimakon gwamnati. Sai da wani kamfanin abin sha ya so yin talla da waƙar aka neme shi, lauya ya shiga maganar, ya sami wani kashi na hakkinsa, ya ɗanɗani arziki kafin rasuwarsa a 1997. Shi ya yi sa'a.

Solomon Linda bai yi irin wannan sa'a ba. Shi Bazulu ne na Afirka ta Kudu. A 1939 shi da ƙungiyarsa suka ɗauki waƙa mai suna "Mbube", watau zaki, a kamfanin Gallo na birnin Johannesburg, aka ba shi sule 10. Faifan ya ƙetare teku, mawaƙan Amurka suka rera ta da sunan "Wimoweh", a 1961 kuma waɗansu samari masu suna Tokens suka mai da ita "The Lion Sleeps Tonight", ta zama ta ɗaya a ƙasar. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. A 1994 aka sa waƙar cikin fim ɗin nan na yara, The Lion King. Sai a 2006, bayan wani ɗan jarida mai suna Rian Malan ya tona labarin a shekara ta 2000 aka kuma shiga kotu, sa'an nan aka yi sulhu da 'ya'yansa mata. Shekara 44 ke nan bayan an binne shi.

Ga abin da na koya daga waɗannan labarai biyu. In ba don samarin da suka ɗauki waƙoƙin ba, da yau ba wanda ya san su. Amma ɗaukar da aka yi ba tare da ambaton mai abu ba, ko ba shi rabonsa, ta bar tabo. Aro halal ne, Bahaushe ma ya ce da tsohuwar zuma a ke magani. Shi kansa Berry, tushen kiɗan waƙar tasa daga wani kiɗan rawa na makaɗin Kuba, René Touzet, ya aro shi. Inda aro ya ke ɓaci shi ne ran da mai aro ya fara cewa kayan nasa ne.

A ƙasarmu

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce kawai. A farkon shekarun 1970 'yan makarantar St. Gregory's ta Legas suka kafa ƙungiyar Ofege, suka yi faifai tun ba su gama sakandare ba. A nan Arewa an yi ƙungiyar Elcados, wadda a 2008 wani kamfanin Ingila, Soundway, ya tono wata waƙarta ya sake fitarwa. Manya cikinmu za su tuna da Bala Miller, mutumin Zariya, wanda ya kafa babbar ƙungiyarsa a 1977, yana rera Hausa da kayan busa da jita, a ke kuma nuna shirinsa a talabijin na NTA. Ya rasu a 2003. Za su kuma tuna da Funmi Adams, wadda ta ɗauki waƙoƙin dandali irin su "Ahayye Yaro" ta sa musu kiɗan zamani, har yaran birni da ba su taɓa zuwa gaɗa ba suka haddace su.

A ƙetaren iyaka, a Jamhuriyar Nijar, akwai misalai biyu masu kyau. A garin Tawa, tun shekarun 1970, wani makaɗin jita da a ke kira Mona ya kafa ƙungiyar Azna de l'Ader, suna haɗa jita mai tsawa da kiɗan gargajiyar ƙasar Adar. A Yamai kuma, Mamman Sani ya ɗauki tsofaffin muryoyin gargajiya na ƙasarsa ya kaɗa su da fiyano mai lantarki, ya yi kaset a 1978. Kwafi kaɗan aka buga. Shekara 35 bayan haka, a 2013, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi da sunan mai shi, har aka gayyace shi wasa a Turai. Kun ga yadda abu ya ke in an yi shi bisa gaskiya.

Ko manyan mawaƙanmu ma gādo suka tarar. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ba ita ta ƙago kiɗan amada ba. Kiɗan ƙwarya ne na mata a cikin gida tun kaka da kakanni, ita ta fito da shi fili, ta ƙara nata. Makaɗan fada, irin su Sarkin Taushin Katsina na zamanin Sarki Usman Nagogo, a gidan kiɗa a ke horar da su, yaro ya yi shekaru yana amshi kafin a ba shi jagora. Masu finafinan Kano tun shekarun 1990 sun ari muryoyi da dama daga finafinan Indiya. Mu kanmu, yawancin muryoyin da ke cikin Littafin Waƙoƙi daga Ingila da Amurka suka zo, aka sa musu kalmomin Hausa, yau kuwa ba mai jin su baƙi ne.

Waɗanda ke bakin kabari

Ba na jin tsoro ƙwarai domin waƙoƙin Dokta Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923, ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura. Gidajen rediyo suna da muryarsa, tana cikin wayoyi, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihinsa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa tun yana da rai. Haka kuma Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015. Waɗannan suna da masu tsaron ƙofa.

Waɗanda na ke jin tsoro dominsu su ne waƙoƙin da ba su taɓa shiga faifai ba, yawancinsu kuwa na mata ne: waƙar daɓe, waƙar niƙa, waƙar daka da lugude, waƙar reno, waƙar gaɗa, waƙoƙin kamun amarya da na kai ta ɗaki, da na maza a wurin gayya. Kowace ɗaya a jikin wani aiki ta ke rataye. Da siminti ya zo aka daina daɓe, waƙar daɓe ta rasa wurin zama. Da injin niƙa ya shigo unguwa, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki, waƙarsa ta bi shi. Talabijin da waya sun kwashe 'yan mata daga dandali, a ƙauyuka da yawa na jihar nan kuma rashin tsaro ya hana fita wasan farin wata. Ba wanda ya kafa doka a kan waƙoƙin nan. Aikin ne ya mutu, su kuma suka saura a kan tsofaffi kaɗai.

Abin kunya ne a gare mu, a cikin shekarun 1960 wani Baturen Ingila, Anthony King, ya zauna a Katsina yana nazarin kiɗan fada, ganguna da kakaki, har a 1971 shi da David Ames suka buga littafin kalmomin kiɗan Hausa. Malamanmu na jami'a, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun yi aiki mai yawa bayansu. Amma malami ba zai iya shiga kowane ɗaki ba. Tsohuwar da ke gidanka, jikanta ne kaɗai zai iya zama gabanta da maraice ya ce, "Kaka, sake faɗa mini." In kuwa abin da zai kai shi gabanta jita ce, to, ni na ce a bar shi da jitarsa.

Gare ku, samari

Amma akwai sharuɗɗa, ku saurara.

Na fari, ku je ku koyi waƙar daga bakin mai ita, kada ku dogara ga gutsuren da aka turo muku a waya. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Kuka na hawaye dabam, kuka ta miya dabam. Wuya na jiki dabam, wuya ta wahala dabam. Mawaƙan dā sukan bi wannan hawa da sauka cikin rerawa, shi ya sa kalangu ya ke iya magana. In ka tilasta wa waƙar ta bi hanyar da yatsunka suka saba a jita, sai kalmomin su karkace, ka faɗi abin da ba ka nufa ba. Abin da tsohuwa ta ke nufi ke nan da ta ce an karya wa waƙa wuya. Har wa yau, yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti 5 su ke tafiya, alhali a kan 7 aka saba koyar da fiyano da jita. Mai kiɗa ya rage hannu, ya bi murya. Game da sauri kuma, ku tuna madaɓi da taɓarya suna da nauyi, ba a ɗaga su da gaggawa. Ku fara iya ta yadda ta ke, sa'an nan ku ƙara naku gishiri.

Na biyu, ku san ma'anar abin da ku ke rerawa. Kun ji yadda rashin jin kalmomi ya jawo wa Kingsmen zargi. A namu waƙoƙin haɗarin ya fi haka. Wata waƙar zambo ce da aka yi wa wani mutum, jikokinsa kuwa suna nan cikin gari. Wata habaici ce tsakanin kishiyoyi, da kalmomin da ba su dace da bakin yaro ba. Wata kuma ta bori ce, kirarin iskoki ne daga farko har ƙarshe. Tsofaffin kalmomi sukan ɓoye irin wannan ga kunnen yaron yau. Ku tambaya, a fassara muku baiti baiti, sa'an nan ku zaɓi abin da za ku iya tsayawa a kansa gaban iyayenku da maƙwabtanku.

Na uku, ku ambaci mai abu. Kafin ku fara a gaban jama'a, ku ce wannan waƙar wane ce, ko ta matan gari kaza ce, daga bakin wance muka koya. In kun sa ta a intanet ku rubuta haka a ƙarƙashinta. Ba ya rage muku kome, yana kuwa nuna ku 'ya'yan mutunci ne.

Na huɗu, ran da kuɗi ya shigo, doka ta shigo. Bisa ga dokar hakkin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, waƙa tana hannun mai ita muddin ransa, bayan rasuwarsa kuma tana hannun magada har shekara 70. Watau waƙoƙin Shata suna da masu su har ƙarshen 2069, na Ɗanmaraya har ƙarshen 2085. Wanda zai ɗauke su ya sayar, sai ya nemi izinin magada. Waƙoƙin gargajiya da ba a san wanda ya ƙago su ba, su ma dokar ba ta bar su a titi ba. Rerawa a gida, ko domin koyarwa, ba laifi. Amma mai son yin ciniki da su sai ya nemi yardar Hukumar Hakkin Mallaka ta Nijeriya, ya kuma faɗi al'ummar da waƙar ta fito. Ko da babu doka ma, wanda ya sami kuɗi da waƙar tsohuwa ya hana ta ko turmin zane, ya san abin da ya yi.

Gare ku, iyaye

Na san ƙarar tana da ciwon kai. Na san kuma tsoron da ke zuciyarku, kada kiɗa ya janye yaro daga karatu, ko ya kai shi cikin abokan banza. Tsoro ne mai dalili. Amma ku duba, yaron da ke kiɗa a garejinka ka san inda ya ke, ka san da wa ya ke, kana jin abin da ya ke faɗi. In ka kore shi, ba daina kiɗan zai yi ba, wurin da ba ka gani zai koma.

Saboda haka ku yi yarjejeniya da su. A sa ranaku da sa'o'i, aikin makaranta ya riga. A rage lasifika. Muna zaune da maƙwabta, in lokacin sallarsu ya yi a dakata, haka kuma in akwai marar lafiya ko makoki a unguwa. Sa'an nan ku ɗora musu aiki: kowane wata su kawo tsohuwar waƙa guda daga bakin wani tsoho na dangi. Su ɗauki muryarsa da waya, da yardarsa. A farkon ɗaukar a faɗi sunansa, da garinsu, da shekarar da a ke ciki, da wurin wanda ya koya, da irin aikin ko bikin da a ke rera ta. A rubuta kalmomin cikin littafi, gama waya takan faɗa ruwa, takan kuma ɓace. A ajiye kwafi a wuri biyu. In sun taru, ana iya kai wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ko malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Kada kuma ku yi mamaki in tsohuwa ta ƙi da fari. Kunya ce, da kuma zaton za a yi mata dariya. Shekaru da yawa ba wanda ya tambaye ta. Ku aiki jikan da ta fi wasa da shi, ya je da goro.

Yadda aka ƙare

Makon jiya na sake leƙa gidan maƙwabcina. An shirya: Talata da Asabar, daga ƙarfe 4 zuwa kafin magariba. Kujerar tsohuwa tana nan bakin gareji, ba mai taɓa ta. Mai ganga ya rage gudu, domin in ya yi sauri takan ɗaga masa sanda. Jikan ya ce mata, "Kaka, ran da za mu yi ta a bikin makaranta, sunanki zan fara faɗa." Ta ce, "A'a, maigida, ba tawa ba ce. Wurin gwaggona na ji ta, ita ma tarar da ita ta yi. Ka faɗi sunan ƙauyenmu, ya isa."

Sun rubuta waƙa uku cikakku cikin littafi. Ta huɗun ta niƙa ce, ta kawo rabi ta tsaya. Ta yi ta juya ta a baki, ƙarshen ya ƙi zuwa. Ta ce akwai wata ƙawarta da suka tashi tare, ita ce gwanar wannan waƙa, da an je wurinta da ta ƙarasa musu. Aka tambayi inda ta ke. Ta ce ai ta rasu da damina ta bara.

Yaran sun bar rabin shafi fari a ƙarƙashin waƙar, ko Allah zai sa a sami wanda ya san sauran.

Mai karatu, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, kada ka bari sai an yi hutu. Ka tambaya yau. Wanda ya sami wata tsohuwar waƙa ta wannan hanya, ya rubuto mana labarin yadda aka yi, da sunan garin da ta fito, mu ji.